Tsohuwar rediyo mai bawul: wacce za ka ɗauko daga Haraj?

A Haraj Ibn Ƙasim na Riyad ko kasuwar Sawarik ta Jidda, kasuwannin gwanjo na Saudiyya, kada ƙyallin katako ya ruɗe ka. Sa mai kaya ya kwance murfin baya, ka karanta lambobin da ke jikin bawul, waɗannan kwalaben gilashin.

In sun fara da E, kamar ECH81, EF89, EABC80 da EL84, ka dace. Irin Philips, Grundig da Telefunken na shekarun 1950 ke nan, masu taransifoma, kuma yawancinsu na kama gajeren zango. Suna da madannin zaɓen ƙarfin wuta: bolt 110, 127, 220, 240. Nan hatsarin yake, domin gidajen Saudiyya da yawa a da 127 suke sha, yanzu kuwa galibi 220 ko 230 ne. Rediyon da aka jona tana kan 127 mai yiwuwa ta riga ta toye. Sunsuna taransifomar, ka duba ko baƙin kwalta ya tsiyayo. Sa mitar gwajin lantarki a ƙafafun fulogi, rediyon tana kunne amma ba a jone ba. Ya kamata ka ga gomman om (ma'aunin turjiyar waya). In mita ta yi shiru, ko fiyus ne, wanda ba komai ba ne, ko waya ta tsinke a ciki, wanda zai ci kuɗin naɗi. Aibin waɗannan rediyoyin ɗaya: FM ɗin da yawa daga cikinsu a 100 MHz yake tsayawa.

Masu U (UCH81, UL84, UY85) ba su da taransifoma. Wutar gida kai tsaye take shiga ƙarfen rediyon, tana iya jan mutum har lahira. Sabon hannu ya bar su.

Ƙananan na Amurka masu 50C5 da 35W4 haka suke, ga su da wutar 117, galibi kuma matsakaicin zango kaɗai. Ado ne kawai.

Mai kaya zai ce maka bawul duk sababbi ne. Ba su ne abin damuwa ba, ana samun EL84 sabuwa har gobe. Sai dai wadda kanta ya yi fari fat, iska ta shige ta, ta mutu. Abin da ke lalacewa kafasita ne, wato kayan da ke riƙe cajin lantarki. Na takarda masu kakin zuma duka za su fita, a sa na roba masu jure bolt 630, musamman wanda ke kai sauti zuwa EL84: in yana yoyo, bawul ɗin zai yi ja ya ƙona taransifomar lasifika. Babban na gwangwani, galibi 50+50 maikurofarad bolt 350, shi ke kawo gurnani in ya lalace. Kada ka rage masa bolt, kuma ka sauke cajinsa ta rezista, abin da ke rage gudun wuta, kafin ka taɓa.

Rediyon da ta zauna a Jidda, laima kan cinye mata soket ɗin bawul, sai ka duba tsatsa. Kunnawar farko kuma ta bi ta ƙwan fitila mai zare na wat 60 a jere, wato wutar ta ratsa ƙwan kafin ta kai rediyon: in ya tsaya da haske sosai, cire fulogi.