Etymonline: manhajar bin salsalar kalmomin Turanci

Ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke fama da manyan kalmomin boko za su ji daɗin Etymonline, ƙamus ɗin asalin kalmomi da Douglas Harper ya buɗe a 2001. Kyauta ne.

A gwada shi da kalmar sociology, wato ilimin nazarin zamantakewa. Zai nuna ruwa biyu ce: socius daga Latin, wato abokin tafiya, sai logos daga Girkanci, magana ko nazari. Bafaranshe Auguste Comte ne ya haɗa su. A philosophy kuwa za a ga philos, mai so, da sophia, hikima. Nan ne tushen falsafa da malamanmu na zaure suka sani ta hanyar Larabci, abin da ke sa ɗalibi ya riƙe kalmar nan take.

Wuri biyu ake tuntuɓe. Shekarar da ke gaban kalma lokacin da aka fara ganinta a rubuce ne, ba ranar haihuwarta ba. Alamar tauraro kuma tana nufin masana ne suka ƙiyasta tushen, babu shi a wani tsohon rubutu. Bayanin duk da Turanci yake, cike da taƙaitattun haruffa, don haka ɗan sakandare zai buƙaci malami a kusa.