Matmata ko Merzuga: Bambancin Agogo da Abin Kallo

Malam, ka tambaya wanne ya fi dacewa da hutun mako guda tsakanin ƙauyen Matmata na ƙabilar Barbar a Tunisiya da garin Merzuga a saharar Maroko, da kuma ko sai ka sauya agogonka idan ka tashi daga Kano.

Batun agogo ya fi sauƙi a Tunisiya, domin lokacinta ɗaya ne da na Nijeriya da Nijar duk shekara. Maroko ma tun 2018 ta tsaya a kan wannan lokaci, sai dai idan azumi ya zo takan mayar da agogo baya da awa guda har watan ya ƙare, don haka mai tafiya a Ramadan ya sake duba lokacin tashin jirginsa. Amma daidaituwar agogo ba ta nufin daidaituwar rana. Merzuga tana can yamma ƙwarai, shi ya sa a watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, zawali kuma sai ɗaya ta gota, alhali a Matmata tana riga fitowa da kusan awa guda.

Abin kallo a Matmata shi ne gidajen ƙarƙashin ƙasa. Ana haƙa rami mai faɗi ya zama tsakar gida, sannan a fafe ɗakuna da rumbuna a jikin bangonsa, a shafe su da farar ƙasa, ta yadda mutum zai iya tsayawa a bakin gida bai san akwai gida ba sai ya leƙa ya ga shanya. Ɗakunan suna da sanyi da bazara, suna riƙe ɗumi da hunturu. Ambaliyar 1969 ta rushe da yawa, mutane da dama suka koma sabon gari, amma har yanzu akwai masu zama a ciki. Daga birnin Gabis na bakin teku tafiyar kilomita 40 ce ko sama kaɗan, kuma wuni guda ya isa a zagaya.

Merzuga kuwa sai an sha hanya, domin daga Marrakesh kusan wuni cur ake yi a mota, a ƙetare duwatsun Atlas. Ladan wahalar shi ne tuddan yashi na Erg Shebbi, waɗanda wasunsu suka kai mita 150, inda ake hawan raƙumi da la'asar sakaliya a kwana a tanti. Kusa da nan, a Risani, akwai kufan Sijilmasa, tashar ayarin da ke kai gishiri da kaya Afirka ta Yamma su dawo da zinariya, ga kuma ƙauyen Khamliya na makaɗan Gnawa, jikokin bayin da aka kawo daga kudancin sahara.

A ganina, wanda ya saba da yashin Agadas ba zai sha mamaki sosai a Merzuga ba, Matmata ce za ta nuna masa abin da bai taɓa gani ba. Wanda bai taɓa kwana a sahara ba ya nufi Merzuga, tsakanin Oktoba da Afrilu, kafin zafi ya tsananta.