Piriton ko gabapentin: wanne ya fi ga mai wankin ƙoda da ƙaiƙayi ya hana barci?

Salam 'yar uwa, na ga tambayarki akan Hajiya, kin ce tana wankin ƙoda, ƙaiƙayi ya dameta har bata iya barci, kuna ta siyo mata Piriton a kemis babu wani sauƙi, yanzu likita ya ambaci gabapentin ke kuma wata ta tsorataki cewa maganin farfaɗiya ne, shine kike tambaya wanne ya fi. Allah ya bata lafiya ya sa kaffara ne. Nayi aiki da masu wankin ƙoda, dan haka bari in ajiye miki su biyun gefe da gefe yadda na sansu.

Da farko ki sani ba Hajiya kaɗai bace. Babban binciken nan na DOPPS da ya bi masu wankin ƙoda a ƙasashe da yawa ya nuna kusan mutum 4 cikin 10 suna fama da ƙaiƙayi mai damu sosai, kuma da yawa basa ma faɗawa likita dan gani suke ƙaramin abu ne idan aka haɗa da ciwon kanshi. Wlh ba ƙarami bane. Zaki ga dattijuwa mai kunya da kamun kai ta tashi tsakar dare tana goga bayanta a jikin ƙofa, ko ta ɗauki mataji tana karta har da safe a ga ɗigon jini a zanin gado, fatar kuma babu wani ƙurji sai sawun farce kawai. Yawanci baya ne da hannuwa, duka ɓangarorin biyu, da daddare yafi tsanani, wasu kuma suna kan injin ma yake taso musu.

Toh Piriton. Aikinsa shine ya tare wani sinadari da ake kira histamin, wanda shi yake kawo ƙaiƙayin borin jini, ko cizon ƙwaro, ko in mutum yaci abinda jikinsa baya so. A irin wannan yana aiki tsaf. Amma ƙaiƙayin ƙoda ba a nan gizo ke saƙa ba, histamin ba shine babba a ciki ba. Abin haɗaka ne, fata ta bushe saboda gumi da maiƙon jiki sun ragu, dattin da ƙoda ta kasa fitarwa yana yawo a jini, ga kumburi na cikin jiki, sannan su kansu ƙananan jijiyoyin da suke kai saƙon ƙaiƙayi ƙwaƙwalwa sun rikice suna ta aika saƙo babu dalili. Kinga in kin bata Piriton abinda zaki samu shine maye da barci, kamar mai ciwon haƙori ne ya sha maganin barci, yana farkawa ciwon na nan yana jiransa. Kuma ga tsofaffi yana da nashi matsalar, jiri, ruɗewa, taurin bayan gida, da bushewar baki, wannan ta ƙarshen tafi damuna dan mai wanki an ƙayyade masa ruwan da zai sha, in baki ya bushe dole ƙishi ya sa ta ƙara, sai kuma aje wanki a tarar ruwa ya taru ƙafa ta kumbura. Cetirizine da mutane ke canzawa zuwa gareshi ɗan gidansu ɗaya ne, kuma shi ta ƙoda yake fita dan haka taruwa yake a jikin mai ciwon in ba'a rage ba. Abinda Piriton ya fi dashi kawai araha ne da kuma ko ina akwai.

Gabapentin kuma gaskiya ne asalinsa na farfaɗiya ne, amma an daɗe ana bada shi dan ciwon jijiya, irin zafin ƙafa da tsikarin nan da masu suga ke ji, to tunda ƙaiƙayin nan ta jijiya yake bi sai ya zamana yana kwantar dashi. Tun 2004 aka gwada shi a Turkiyya akan masu wankin ƙoda aka ga bambanci ƙarara, gwaje gwajen da suka biyo baya ma haka suka nuna, kuma wanda zai yiwa aiki sau da yawa ba'a daɗewa ake gani, wani cikin sati ɗaya zai ce miki yayi barcin da ya manta rabonsa dashi. In dan aiki ne kawai, ni a wajena ba'a ma haɗa su, gabapentin ya yiwa Piriton nisa.

Amma dan Allah nan ki nutsu ki karanta da kyau. Gabapentin ƙoda ce kaɗai take fitar dashi daga jiki. Mai lafiyar ƙoda zai iya shan 300mg sau uku a rana lafiya lau, wannan adadin in aka baiwa Hajiya zai iya kwantar da ita asibiti. Mai wanki da 100mg ake farawa, kuma BAYAN an gama wanki ake sha, ba kullum ba, ranar wanki kawai, saboda injin yana wankeshi in an sha kafin a hau, in kuma ana sha kullum tsakanin wanki da wanki taruwa yake. Matsalar itace wanda yafi yawa a kemis ɗinmu kafso ne na 300mg, wani ma haɗe da bitamin B12, sai yaron shago ya miƙo miki yace ai duk ɗaya ne a sha safe da dare. Ba ɗaya bane. Ki duba jikin kwalin da idonki, in ba adadin da likita ya rubuta bane ki mayar. Kuma in ta fara sha kika ga barci yayi yawa har tashinta na wuya, ko tana tangaɗi, ko maganarta ta koma kamar harshe yayi nauyi, ko hannu na fizga da kansa, ko ta fara ruɗewa bata gane mutane sosai, a tsaya da maganin a kira sashen wankin a ranar ba sai gobe ba. Satin farko a rinƙa rakata banɗaki da daddare dan faɗuwa ga tsohuwa mai ciwon ƙoda karaya ce. Kada a haɗa shi da tramadol ko kodin ko maganin barci, kuma in an fara shi a daina Piriton ɗin sai in likita ne yace, mayen biyu haɗuwa suke. Akwai wani magani pregabalin, ƙanin gabapentin ne, dokarsu ɗaya, shi da 25mg ake farawa.

Akwai inda Piriton yake da gaskiya fa, in kin ga fatar ta tashi ruɗu ruɗu bayan sabon magani ko ƙarin jini, wannan daban ne. Haka in wasu a gidan suma suna susa, musamman tsakanin yatsu da ƙugu, ayi tunanin ƙazwa, wannan ba Piriton ba gabapentin, maganinta daban kuma duk gidan ake yiwa. In ido yayi rawaya a duba hanta.

Sai abinda mutane suke rainawa dan ba ƙwaya bane, man shafawa. Ko wanne ta sha cikin biyun in fata a bushe take aikin rabi ne, balle in hunturu ya shigo. Basilin ko man kaɗanya mai kyau marar turare, a shafa da zarar ta fito wanka jikin da ɗan danshinsa, kar a bari ya bushe ƙarau tukuna, a ƙara da daddare, hannu da ƙafa kuma bayan alwala. Ruwan wanka ɗumi ɗumi ba mai zafin nan da iyayenmu suke so ba, yana daɗi a lokacin amma bayan awa ɗaya abin dawowa yake ninki. A ajiye soso mai kaushi da sabulun magani da zuba Dettol a bokiti, duk busar da fata suke. A yanke mata farce ƙasa sosai, in ya taso mata a jiƙa tsumma da ruwan sanyi a ɗora maimakon susa, kuma ko kusa kar farce yaje wajen bututun wanki ko hannun da aka haɗa mata jijiya, ƙwayar cuta in ta shiga ta nan jini kai tsaye take tafiya. Man nan na kemis da ake cewa yana maganin komai shima a barshi, siranta fata yake. Jiƙe jiƙe da sassaƙe kuwa nasan za'a kawo muku da kyakkyawar niyya, ku gode ku ajiye, ƙodar da ta rage mata bazata ɗauka ba.

Ranar wanki na gaba ki tambayi likita nawa fosfet da kalsiyam ɗinta suke, wato wasu sinadarai da ake aunawa a jini, in da hali ayi gwajin PTH, sinadarin da ke daidaita su a jiki. In fosfet yayi sama, ƙwayar da aka bata ta ɗaure shi a tsakiyar cin abinci ake shanta ba bayan awa biyu ba, a rage lemun kwalba baƙi, madara, kindirmo, ƙuli ƙuli da hanta, amma kar a hanata nama da ƙwai gaba ɗaya, mai wanki yana buƙatarsu. Ki kuma faɗa masa gaskiyar sau nawa take samun wankin, ƙa'ida sau 3 ne a sati awa 4 kowanne, nasan kuɗi ne ke hana da yawanmu, amma wanki in yayi ƙaranci ƙaiƙayi ƙaruwa yake kuma hakan zai canza yadda zai tsara mata gabapentin ɗin. In duk anyi babu sauƙi akwai sauran hanya, hasken UVB, wani irin haske na musamman da likitocin fata ke haska fata dashi, da wata allura difelikefalin da Amurka ta amince da ita a 2021 wadda ake sawa ta layin wanki in an gama, ki tambaye shi ko ɗaya na samuwa a inda kuke. Ki tafi da duk kwalayen magungunan da take sha a leda ɗaya harda Piriton ɗin ya gani.