Jirgin Sawakin zuwa Jidda: inji lafiya lau, janareta sai a hankali

Gyaran janareta ne sana'ata a Fot Sudan, shi ya sa in na shiga jirgin ruwa kunnena ke riga idona aiki. A Sha'aban da ya wuce na raka Inna Umra, muka tashi daga tashar Usman Dikna ta Sawakin, wajen kilomita 60 kudu da gari. Kuɗin jirgin sama ya fi ƙarfinmu.

Tsohon jirgi ne da aka kawo daga Turai, har yau akwai rubutun Girkanci a jikin wasu ƙofofi. Babban injin kam na yaba masa: kukansa ɗaya tun magariba har muka hango fitilun Jidda, ba tari, ba baƙin hayaƙi. Duk mai kula da shi ya san aikinsa.

Janareta ce ta ba ni kunya. Wajen ƙarfe 2 na dare fitilu suka fara lumshewa, na ce a raina nauyi ya yi mata yawa. Can sai ɗif. Na'urar sanyi ta tsaya, famfon banɗaki ya ɗauke, yara suka ɓarke da kuka. Ta ko-ta-kwana, wadda ya kamata ta kama da kanta nan take, sai da aka je aka tashe ta da hannu. Inna ta damƙe hannuna ta ce, "Kai, ba aikinka ba ne wannan? Je ka taya su mana." Na ce, "Inna, ko ƙofar ba za su bar ni na taɓa ba."

Abin da ya fi tsaya min a rai tun wajen shiga na gan shi. Ta ɗakin motoci aka bi da mu, na ga tsumma da leda sun toshe magudanun ruwa biyu. A 2006, a jirgin ruwa Al-Salam Boccaccio 98, daga Duba ta Saudiyya zuwa Safaga ta Masar, gobara ta tashi a irin wannan ɗakin, ruwan kashe wuta ya taru ya rasa mafita, jirgi ya kife da mutum sama da 1,000. Na nuna wa wani ma'aikaci magudanun, ya ce in sha Allahu, ya wuce.

Abinci ba laifi, ful (dafaffen wake) da shayi. Rigunan ceto sai da na tambaya sau biyu aka buɗe akwatin.

Dawowa ma shi muka hau, don kwance-kwance ya fi wa Inna sauƙi. Amma da tocila biyu a jakata, rigar ceton kuma ita ta yi matashi da ita har Sawakin.