Asibitin dabbobin da ya ba ni Tsintuwa

Rago na kai, ba kare na je nema ba. Ana saura sati uku babbar sallar bara, ɗaya daga cikin raguna huɗun da nake turkawa ya daina cin dusa, ciki ya kumbura ya yi tim kamar ganga. Wani abokin aikina a makarantar da muke koyarwa ya kwatanta mini wani ƙaramin asibitin dabbobi mai zaman kansa a bayan ganuwa, nan cikin Katsina. Ba zan kama sunan wurin ba, domin bayanin nawa akwai zuma akwai maɗaci, kuma har gobe can nake kai dabbobina.

Shago ne mai ƙofa biyu. Ɗaya kanta ce shaƙe da magungunan kaji da na shanu, ɗayar kuma teburin ƙarfe ne da sikeli da firji. Likitan matashi ne, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya yi karatu, sai yaron shago guda. Ya ɗura wa ragon magani, ya ce mu ɗan jira mu gani. Muna zaune a benci sai na riƙa jin wani kuka daga baya, ba haushi ba, irin nishin nan na dabbar da ta gaji da kuka. Na ce, "Likita, me ke nan?" Ya ce, "Malam, zo ka gani, amma ka toshe hanci."

Bayan shagon fili ne da rumfar kwano da keji biyar. Karnuka uku, kyanwa da 'ya'yanta, sai wani jaki mai gyambo a gadon baya, wanda mai shi ya ce zai je ya kawo kuɗin magani, har yau bai dawo ba. Ɗaya daga cikin karnukan na wani ma'aikaci ne da aka yi wa canjin wurin aiki, ya kulle gida ya bar shi a ɗaure. A Landan akwai gidan karnukan da suka rasa mai su wanda aka kafa tun 1860. Mu nan abin da muke da shi ke nan: mutum ɗaya, keji biyar, da aljihunsa.

Mai nishin karya ce, ja, irin namu na gida masu dogayen ƙafafu da siririn baki. Ya ɗaga leɓenta ya duba haƙora ya ce ba ta wuce wata bakwai ba. Ƙazwa ta cinye mata gashi daga wuya har kwankwaso, fatar ta yi kaushi kamar bayan kuka, kunnuwa kuwa kaska ce jere kamar an shuka wake. A cikin kwalbati aka ciro ta, yara sun ɗaura mata wayar ƙarfe a wuya har ta nutse cikin nama. Da na miƙa hannu sai ta lafe a ƙasa ta saki fitsari.

Gidana yana sabuwar unguwa ta wajen hanyar Dutsin-ma, kangaye sun fi gidaje yawa, kuma a shekarar da ta gabata an haura mini an kwance tunkiya biyu a dare ɗaya. Sai na ce, "Nawa za ka sayar mini?" Ya ce shi kuɗin kare ba ya shiga aljihunsa, in dai zan biya abin da za a kashe mata na magani, shi ke nan. Na ɗauka magana ta ƙare, ashe yanzu ta fara. Gidanka ne ko haya? Akwai katanga? Akwai inuwa? Yara nawa, shekarunsu nawa? Wa zai ba ta abinci ranar da ka yi tafiya? Uwargida ta sani? Na ce masa ko neman aurena ba a yi mini wannan titsiyen ba. Bai yi dariya ba. Ya ce ya taɓa ba wani kwikwiyo, bayan sati biyu ya gan shi a bola, don haka in je gida in yi shawara tukuna. A lokacin na ji haushi. Yanzu kuwa, a duk abin da yake yi, wannan ne na fi ba shi maki a kai.

A gida uwargida ba ta ja ba, ita ma ba ta manta da tumakin ba. Hajiya ce, mahaifiyata, ta ce in dai da ranta kare ba zai taka mata inda take shimfiɗa dardumar salla ba. Ban yi musu da ita ba, na je wajen malamin da muke ɗaukar karatu bayan magariba. Ya ce hadisi ya yi gargaɗi cewa mai ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba ladansa na raguwa kullum, to ni ga garken tumaki a turke. Ya ce a mazhabar Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki bin umarni ne. Ya kawo hadisin mutumin nan da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah Ya gafarta masa. Har ya ƙara da labarin Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, wanda katangarsa ta faɗi ya ajiye kare, da aka yi masa magana ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Na dawo na zayyana wa Hajiya. Ta ce, "To, ta tsaya can wajen tumaki. Kuma ni ba ruwana da ita."

Sai da ta ƙara sati uku a wajen likitan kafin ya sake ta. Ya yi mata allurar ƙazwa daki-daki, kowace sai ya ɗora ta a sikeli tukuna, ya ba ta maganin tsutsar ciki, ya cire kaskar ɗaya bayan ɗaya da hantsaki. Na gaya masa a ƙauyenmu baƙin man inji ake shafa wa kare mai ƙazwa. Ya ce ya sani, ya kuma san nawa suka mutu bayan sun lashe shi, haka masu fesa musu fiya-fiya. Da ta murmure ya yi mata rigakafin haukan kare. A nan na ga abin da ya kwantar mini da hankali: firjin nasa a kan sola yake, da ma'aunin sanyi a ciki, domin maganin dole ya zauna tsakanin maki 2 zuwa 8, in ya sha zafi ya zama ruwa kawai. Ya nuna mini kwalbar da ranar lalacewarta kafin ya zuƙa. Ya ce akwai wanda ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda ke nan tun 1924, akwai kuma na waje. Duk wanda ya san yadda wuta take a garin nan ya san me ya sa nake dogon bayani a kan firji. Ya rubuta kati, ya sa hannu, ya ce duk shekara a sabunta. Gaba ɗaya naira 14,500 na biya. 'Yata ta fari ce ta raɗa mata suna Tsintuwa.

Kwana biyar ta yi a ƙarƙashin kwamin tumaki, ba ta fitowa sai dare ya raba. Likita ya riga ya ce kada a jawo ta, kada yara su taru a kanta, a ajiye abinci a juya baya. Haka muka yi. Tuwon da ya kwana, da ƙanzo, da kayan cikin da nake karɓowa wajen mahauta in dafa ba gishiri ba yaji. Ya hana albasa, ya hana dafaffen ƙashin kaza saboda yana tsagewa ya soke hanji, ya ce ko da wasa kada in ba ta maganin ciwon kai na mutane. A rana ta shida ina gyara turke na ji hanci mai sanyi a diddigena. Har yau in yaro ya sunkuya kamar zai ɗauki dutse, sai ta maƙale wutsiya.

Yanzu ga maɗacin. Cikin hunturu, wata takwas da zuwanta, ɗan maƙwabcina mai shekara tara ya hauro katanga bin ƙwallo dab da magariba, ya dira a kanta tana kwance. Ta cije shi a ƙwauri. Haƙori biyu ne, amma jini ya fito. Na kira lambar da ke jikin katin sau shida, ba a ɗauka ba. Daga baya na gane wayar shago ce, a aljihun tebur take kwana. Wurin da ke ba mutane karnuka bai kamata a ce ba shi da lambar dare ba, na faɗa masa a gaban idonsa, ina kuma maimaitawa a nan.

Allah Ya sa na tuna abin da ya karanta mini ranar da na ɗauke ta: sabulu da ruwa mai gudu, minti 15 cur, sannan asibiti. Muka zaunar da yaron a bakin rariya, uwargida na zuba ruwa da buta, ina cuɗa sabulu ina duba agogo, yana ta ihu. Wata tsohuwa ta ce a tsigo gashin karyar a liƙa a ciwon, mahaifinsa ya ce a'a, mu tafi asibiti. Aka fara masa allura a daren, ni na biya, kuɗin kuwa ya ninka na rigakafin karyar ban san sau nawa ba. Kafin mu dawo samari sun cika ƙofar gidana da gora. Ban ga laifinsu ba. Mai unguwa ya zo, na ce, "Ranka ya daɗe, ga katinta." Ya haska da fitilar waya, ya ce kowa ya tafi, gobe a je a tabbatar.

Da safe muka je da wakilinsa. Yaron shago ya buɗe rajista, ya bi shafi-shafi, babu sunana, babu Tsintuwa. Bai shigar ba. Na ji ƙafafuna sun yi sanyi. Da likita ya iso ya gane sa hannunsa da lambar kwalbar da ya rubuta a katin, ya yi wa yaron faɗa, amma ɓarnar ta riga ta auku, wakilin mai unguwa ya fara yi mini wani irin kallo.

Abin da ya yi bayan haka shi ya sa ban sauya asibiti ba. Ya rufe shago, ya hau babur ya biyo mu unguwa, ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi wa mutane bayani. Ya ce tsoronsu gaskiya ne, cutar haukan kare in alamunta suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Ya ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kimanin 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma huɗu cikin goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Sannan ya ce karen da ke ɗauke da ita a yawunsa lokacin cizo ba ya wuce kwana goma bai nuna alama ba. "In kun kashe ta yanzu, kun kashe shaidar. Ku ba ni ita in kulle, duk mai so ya zo ya duba kullum, yaro kuma ya ci gaba da bin abin da asibiti suka ce." Ya tafi da ita, kwana goma tana ci tana sha, bai karɓi ko sisi ba. Mahaifin yaron da kansa ya je sau uku. Ni kuma na ƙara layin bulo biyu a katanga, na daina sakinta sai bayan isha'i.

Sauran ƙorafin ƙanana ne. Ba shi da tsarin lokaci. Ranar da na kai ta a cire mata mahaifa, bayan karnukan unguwa sun hana mu barci sati guda kuma ya tuna mini cikin karya kwana 63 ne kacal, awa uku na yi a benci saboda an kira shi wajen saniya mai naƙuda. Na fahimta, shanu ke riƙe da shagon, amma ai sai a gaya wa mutum. Aikin naira 35,000, na ga tsadarsa, sai dai ɗinkin ya warke sumul ba ruwa ba ƙwari. Bencin jiran a rana yake, bayan shagon kuma in damina ta sauka warin sai mai haƙuri.

Wanda ke son karen ado na 'yan gayu ya nemi wani wurin. Wanda ke da garke ko gona ko gida a bakin gari, yana kuma shirye a yi masa tambayoyi, ya je, amma ya tsaya a kan yaron shagon har ya ga an rubuta sunansa a rajista, ya kuma karɓi lambar likitan ta aljihu. Wannan karon da na je sabunta rigakafi ni na riƙe biron.

Tun zuwanta ba a sake taɓa mini ko igiyar turke ba. Hajiya har yanzu ba ta kiran sunanta, "waccan" take cewa, amma ita ke kankare ƙanzo ta jiƙa a tsohon kwano, in kuma na makara sai ta aiko jika: "Je ka ce wa babanku waccan ba ta ci ba." Jakin nan kuwa yana can bayan shagon, gyambo ya warke, ya yi ɓulɓul, ba mai ɗauka. Likita ya ce in na san mai so, shi ma akwai tambayoyin da zai amsa.