Asibitin da ke da tafinta a Ojo

Ƙanena daga Maraɗi ya zo, yana noman latas da alayyahu a lambunan Ojo da ke Legas. Ba Yarabanci, ba Turanci, sai Hausa da ɗan Faransanci. Da zazzaɓi ya kayar da shi, na kai shi wani ƙaramin asibiti da aka ce akwai tafinta. Akwai ta kuwa. Wata baiwar Allah 'yar Agege ta zauna tsakaninsa da likita, har ta rubuta masa yadda zai sha maganin maleriya na kwana 3 da ajami, tunda allo ya yi, ba boko ba. Ta ce, "Ɗan'uwa, ko ka ji sauƙi ka shanye duka."

Sai dai da azahar take tashi, mai lambu kuwa safiyarsa ta ban ruwa ce. Sai da muka yi sawu biyu kafin muka same ta.