Na kalli The Blair Witch Project ni kaɗai da daddare

Wani abokina ne ya dame ni, kullum muka haɗu a majalisa sai ya ce kai da kake cika baki wai fim ɗin tsoro ba ya ɗaga maka hankali je ka kalli wannan tukunna. Shekaranjiya dai na biya wajen masu turi aka saka min a memori, wajen ƙarfe 11 na dare aka ɗauke wuta, na sa iyapis na kwanta na kunna.

Tsohon fim ne fa, na 1999, minti 81 kacal. Da farko rubutu kawai za ka gani, wai a watan Oktoba 1994 wasu ɗalibai uku suka shiga daji kusa da garin Burkittsville a jihar Maryland ta Amurka don su ɗauki fim kan labarin wata mayya, suka ɓace, bayan shekara ɗaya aka tsinci kaset ɗinsu. Shikenan. Babu kiɗan nan na tsoratarwa, hoton ma duk dishi-dishi kamar bidiyon bikin da aka ɗauka zamanin da, kuma su ukun, Heather da Josh da Mike, da ainihin sunayensu suke kiran juna.

Nan ne dabarar take. Waɗanda suka shirya shi, Daniel Myrick da Eduardo Sánchez, sai da suka buɗe shafin intanet da hotunan "'yan sanda" da hirarrakin ƙarya, suka raba fastocin cigiya, har a IMDb, shafin da ke tattara bayanan finafinai, ma an rubuta cewa 'yan wasan sun ɓace ana kyautata zaton sun mutu. A lokacin intanet bai wadata ba balle ka yi bincike cikin minti biyu, mutane da yawa suka shiga silima suna ɗauka gawa suke kallo. Fim ɗin da ɗaukarsa ba ta wuce dala dubu 60 ba ya kawo kusan dala miliyan 250. Gaskiya ni wannan ɓangaren bai kwanta min ba, ka ce ɗan mutane ya mutu don ka sayar da tikiti, amma dai ba su suka fara ba, wani darakta ɗan Italiya Ruggero Deodato sai da ya kare kansa a kotu saboda an zaci da gaske ya kashe 'yan wasansa a fim ɗinsa na 1980, Cannibal Holocaust.

To ni na san ƙarya ne tun kafin na kunna, amma wallahi duk da haka ya taɓa ni. Ba a nuna mayyar ba ko sau ɗaya. Abin da ake nuna maka shi ne su tashi da safe su tarar da tulin duwatsu guda uku a wajen tantinsu, wanda jiya babu, sai kuma wasu 'yan tsinke da aka ɗaure kamar mutum-mutumi suna reto a jikin bishiyoyi. Cikin dare kuma allon baƙi ƙirin, sai numfashinsu da ƙarar karyewar itace can nesa da muryar yara, da iyapis ji nake kamar a bayan ɗakina ne, sau biyu ina cire kunne ɗaya in saurara. Ashe ma cikin kwana 8 aka ɗauka, 'yan wasan ne suke riƙe da kyamarar da kansu, ana bar musu takardar abin da za su yi a hanya, ana rage musu abinci, da dare masu fim ɗin su zo su girgiza musu tanti. Shi ya sa gajiyar da ke fuskarsu ba ta yi kama da wasa ba, musamman inda Heather ta haska rabin fuskarta tana kuka har da majina tana neman gafarar iyayensu.

Inda ya gundure ni shi ne tsakiya. Tun da Mike ya ce shi ya harba taswirar da suke bi cikin rafi sai faɗa da ihu da ashar, kar ma ka kunna shi gaban yara ko manya. Kyamarar kuma rawa take kamar an ɗora ta a bayan achaba, sai da na ji jiri na tsayar na sha ruwa. Mai son ganin dodo da jini zai ce an cuce shi. Ni dai 7 cikin 10 na ba shi.

Minti biyar na ƙarshe a wancan kangon gidan ba zan faɗa ba, kawai ku riƙe labarin da mutanen gari suka bayar a farko na mutumin da ke sa yaro ya juya ya kalli bango. Da ya ƙare fitsari ya matse ni, banɗakinmu kuma can ƙarshen tsakar gida yake bayan bishiyar darbejiya, haka na daure har aka kira assalatu.